Tsohon Fenti da Gubar Dalma: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun karkata ga abu ɗaya, wato tsohon fentin gida da dalmar da kan ɓuya a cikinsa. Mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata huɗu ke nan da muka tare a wani gida da aka ce ya haura shekara hamsin da ginawa. Fentin tagogi da na ƙofofi ya tsattsage yana ɓarewa, ga shi ina da yaro ɗan wata goma sha huɗu wanda duk abin da ya tsinta sai ya kai baki. 'Yar'uwata ta ce mini tsohon fenti yana da guba. Ta yaya zan gane ko namu yana da ita? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. 'Yar'uwarki ta faɗi gaskiya, sai dai ba kowane tsohon fenti ne ke ɗauke da gubar ba. Gubar da take nufi ita ce dalma, kuma masu haɗa fenti sun daɗe suna zuba ta da gangan saboda amfanin da take yi musu. Farar dalma tana sa fenti ya yi kauri, ya rufe katako da kyau, ya kuma jure damshi. Jar dalma ita ake fara shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa, sannan akwai wani haɗin dalmar da ke ba da launin rawaya da ruwan lemo masu haske, wani kuma ana ɗiga shi ne kawai don fentin mai ya bushe da wuri. Abin takaicin shi ne, a wancan zamani fentin da ya fi inganci shi ya fi yawan dalma, don haka mai gidan da ya fi kula da gidansa shi ya fi tara wa na baya matsala ba tare da ya sani ba.

An ce gani ya kori ji, amma a sha'anin dalma gani ba ya korar komai, domin ba ta da wari kuma ba ta da wani launi nata da ido zai kama. Abin da ido da tambaya za su iya ba ki shi ne alamun da za su nuna miki inda ya kamata a gwada.

Alama ta farko ita ce shekarun fentin. A Amurka an hana sayar da fentin dalma don gidajen zama a 1978, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin 100 na gidajen da aka gina kafin 1940 suna da shi, na tsakanin 1940 da 1959 kashi 69, na tsakanin 1960 da 1977 kuma kashi 24. A Faransa doka ta wajabta binciken dalma kafin a sayar ko a ba da hayar gidan da aka gina kafin 1949, a Ostireliya kuwa gidajen da suka riga 1970 ake yi wa kallon zargi. To amma waɗannan shekaru suna aiki ne a ƙasashen da suka kafa su kaɗai, kuma nan ne mutane da yawa kan ruɗe idan sun karanta su a intanet. Zuwa farkon 2024, ƙasashen da suka tabbatar wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa suna da dokar da ta taƙaita dalma a fenti ba su kai rabin ƙasashen duniya ba. A inda babu irin wannan doka, ko akwai ta amma ba a bin ta, gidan da aka shafe shekara goma da suka wuce ma yana iya zama da dalma. Saboda haka idan kin sami wanda ya san tarihin gidan, ki tambaye shi yaushe aka yi fentin da kuma wane iri aka shafa, domin wannan ya fi shekarar ginin amfani.

Alama ta biyu ita ce irin fentin da wurin da yake. Dalma ta fi zama a fentin mai, mai sheƙi, wanda ake shafa wa katako da ƙarfe, kamar tagogi, ƙyamare, matakalar bene, ƙarafan baranda, ƙofar waje, da tsofaffin gadaje da kujerun yara. Fentin ruwa da ake shafa wa bangon ɗaki ba kasafai ake zuba masa ita ba. Sannan ki dubi yadda ya tsufa. Tsohon fentin mai yakan tsattsage gida-gida kamar fatar kada, wani lokaci kuma ya zama gari-gari, har idan kin goga baƙin ƙyalle a kansa ki ga farin gari ya biyo ƙyallen. Duk wanda ya ga waɗannan biyun yana da dalilin zargi mai ƙarfi, ko da yake ba su kai hujja ba, tunda fentin mai marar dalma ma yana iya tsufa haka.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, domin ya fi duk na baya muhimmanci ga lafiyar ɗanki. Kasancewar dalma a fenti daban, haɗarinta daban. Fentin dalma da ke lafe a jikin bango, bai tsage ba, ba abin da ke gogarsa, yaro kuma ba ya iya kai haƙori gare shi, haɗarinsa kaɗan ne muddin yana nan a haka. Wanda ke cutarwa shi ne wanda ke zama ƙura. Duk lokacin da aka buɗe taga ko aka rufe ta, katako yana gogar katako, fentin yana niƙewa, garin yana sauka a bakin tagar da ƙasan ɗaki. Haka ƙyaure ke yi a inda yake bugun jikin ƙofa, haka matakala ke yi a inda ƙafa ke taka ta kullum. Wannan ƙura ta fi ƙarfin ido, yaro kuma yana rarrafe a kanta, ya dafa, ya sa yatsa a baki sau da yawa a yini. Iyaye sukan fi tsoron ɓaɓɓakin fentin da suke gani, kuma tsoron yana kan hanya, musamman da yake yana da ɗan zaƙi-zaƙi da ke sa yaro ya koma masa, amma ƙurar da ba a gani ce ta fi yawan kai dalma cikin yara.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a 1904 wani likita a birnin Birisben na Ostireliya, Lockhart Gibson, ya bi sawun cutar da ke kama yaran garin har ya gano cewa daga fentin katakon baranda take fitowa, wanda zafin rana ya mayar gari, yara suna dafawa suna tsotsar yatsu. Bayan shekara 17, a 1921, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma a cikin gine-gine, amma ƙasashe da yawa suka yi biris da ita shekaru masu yawa.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki durƙusa daidai tsawon yaron, ki zagaya gidan a haka, ki ga abin da hannunsa da bakinsa ke iya kaiwa. Ki duba bakin taga ko akwai shatin haƙori, ki duba kwarin da ƙyauren taga ke zama a ciki ko gari ya taru, ki duba inda ruwa ke yoyo domin damshi ne ke fara ɗaga fenti. Kada ki manta da ƙasar da ke gindin bangon waje, wadda ta shekara hamsin tana karɓar duk abin da ya zubo daga sama, kuma dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙarewa da daɗewa. Kafin a yi gwaji, ki ɗauka cewa dalmar tana nan. Ki tsince ɓaɓɓakin da jiƙaƙƙen tsumma ki jefar da tsumman, ki riƙa goge ƙasan ɗaki da bakin tagogi da ruwa da sabulu maimakon shara da busasshiyar tsintsiya wadda ke tayar da ƙurar sama kawai, ki wanke hannun yaron kafin ya ci abinci da kafin ya kwanta, ki wanke kayan wasansa, ki kuma tare wurin da ya fi lalacewa da wani kaya mai nauyi har a gyara.

Tambaya: Malam, kafin mu shiga gidanmu mai gidan ya sa an yi masa sabon fenti ciki da waje. Shin ke nan mun tsira? Daga wani ɗan haya.

Amsa: Malam, tsugune ba ta ƙare ba. Sabon fenti yana rufe tsohon ne, ba ya cire dalmar da ke ƙarƙashi. A kan bangon da ba abin da ke taɓa shi, rufewar tana da amfani ƙwarai matuƙar na ƙasan yana riƙe da kyau, amma a taga da ƙofa goga ba za ta daɗe ba ta cinye sabon ta isa tsohon. Abin da ya fi kamata ka tambaya shi ne yadda aka yi aikin. Idan an kankare tsohon fentin a bushe kafin a shafa sabon, kuma ba a wanke gidan sosai ba, to gidan da ke sheƙi yau yana iya fin na jiya ƙurar dalma. Ka wanke ƙasan kowane ɗaki da bakin kowace taga fiye da sau ɗaya, kana sauya ruwan.

Tambaya: Na sayi ɗan tsinken gwajin dalma da ake sayarwa, na goga a jikin ƙofa, launinsa bai canja ba. Zan iya dogara da wannan sakamako? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, ya danganta da yadda ka goga. Idan a saman fentin kawai ka shafa tsinken, to shafin ƙarshe ka gwada, alhali tsohuwar ƙofa tana iya ɗauke da shafi biyar ko shida, kuma dalmar ta fi zama a na can ƙasa. Yadda ake yi shi ne a sa wuƙa mai kaifi a yi ɗan tsagi a karkace har a tarar da katako, yadda duk shafukan za su bayyana kamar matakala, sannan a goga tsinken a cikin tsagin. Kuma kowane wuri da gwajinsa, domin sakamakon ƙofa bai ce komai game da taga ba, ko da launinsu ɗaya ne.

Ko an yi shi daidai, wannan gwaji yana da iyaka. Iri biyu ne aka fi sani. Ɗaya yana komawa ja ko ruwan hoda idan ya haɗu da dalma, saboda haka yana da wuyar karantawa a kan jan fenti, yana kuma iya kasa kama dalmar da ke cikin fenti mai launin rawaya domin ba ta saurin narkewa. Ɗayan yana komawa baƙi, shi kuma yana ruɗarwa a kan fenti mai duhu, sannan wasu ƙarafan da ba dalma ba suna iya baƙanta shi. Ra'ayina shi ne idan tsinken ya canja launi ka gaskata shi, idan bai canja ba kuma akwai ƙaramin yaro ko mai juna biyu a gidan, kada ka tsaya a kansa.

Hanyoyin da ake dogara da su guda biyu ne. Ta farko ita ce na'urar XRF, wadda ƙwararren mai bincike ke ɗorawa a jikin fenti ta auna dalmar da ke cikin dukan shafukan cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da an yanka komai ba. Ta biyu ita ce a yanko ɗan guntun fenti har zuwa katako, a sa a leda mai tsabta, a rubuta wurin da aka ciro shi, a kai ɗakin gwaje-gwaje. A ƙa'idar Amurka, ana kiran tsohon fenti na dalma idan ta kai miligiram 1 a kowace murabba'in santimita, ko kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa, wato kashi 5,000 cikin miliyan. Don ka ga nisan tazarar, iyakar da aka yarda wa sabon fenti a can tun 2009, wadda kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su ɗauka, kashi 90 ce cikin miliyan. Akwai kuma gwaji na uku da mutane ba su cika nema ba alhali shi ya fi kusa da amsa tambayar iyaye, wato a goge wani yanki na ƙasan ɗaki ko bakin taga da ƙyalle na musamman a kai shi a auna dalmar da ke cikin ƙurar. Gwajin fenti yana gaya maka abin da ke jikin ƙofa, na ƙura kuma yana gaya maka abin da ke isa hannun yaro.

Tambaya: Malam, ni mai fenti ne shekara ashirin. Da samfefa nake goge tsohon fenti, wanda ya ƙi fita kuma in sa masa wuta. Ban taɓa jin komai a jikina ba. Anya ba a zuzuta maganar nan ba kuwa? Daga wani mai fenti.

Amsa: Maigida, ba zan yi maka gardama a kan sana'arka ba, amma hanyoyi biyun da ka ambata su ne mafi haɗari a duk hanyoyin cire fentin dalma. Samfefa a bushe, musamman ta inji, tana mayar da fentin da ya shekara arba'in a lafe zuwa garin da ke yawo a iska, ya shiga huhu, ya sauka a labule da katifa da tsagin daɓe. Wuta kuma tana mayar da dalmar hayaƙi, wanda jiki ya fi saurin ɗauka. Dalilin ke nan da ya sa ƙa'idar gyaran tsofaffin gidaje da ta fara aiki a Amurka a 2010 ta hana 'yan kwangila ƙona fenti da harshen wuta, ta hana na'urar hura zafi da ta kai digiri 1,100 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 590 a ma'aunin Salshiyos, ta kuma hana injin goge fenti sai in yana haɗe da mazuƙin ƙura mai matatar HEPA, wato matatar da ke tare ƙura mai laushi sosai.

Rashin jin komai kuwa ba shaidar lafiya ba ce. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ta shiga tana komawa ƙashi da haƙori ta zauna shekaru masu yawa, tana fitowa cikin jini a hankali. Illarta takan bayyana a matsayin hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, ko raunin haihuwa, abubuwan da mutum zai ɗora wa tsufa ko gajiyar aiki. Ka je a auna maka jini, ka gaya wa likita irin aikin da kake yi. Kuma ka tuna da na gida, domin ƙurar tana bin rigar aiki da takalmi da gashin kai, yaron da ya rugo ya rungume ka da yamma shi ne ya fara karɓarta.

Idan aiki ya kama dole, ka fitar da yara da masu juna biyu daga gidan har a gama a wanke. Ka kwashe kaya, ka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, ka toshe ƙofar ɗakin da ita. Ka fesa wa fentin ruwa kafin ka kankare, kuma ka tsaya ga wanda ya ɗago kaɗai, domin bin wanda ke riƙe da kyau neman gira ne da zai iya jawo asarar ido. Takunkumin ƙyalle ko na takarda ba ya tare wannan ƙura, sai na roba mai matatar da aka yi don ita. Kada ka ci, kada ka sha, kada ka kunna taba a wurin, kuma ka sauya tufafi kafin ka kama hanyar gida. Tsohuwar taga da ta lalace sosai kuwa, sau da yawa cire ta ɗungurungum a sa sabuwa ya fi kankare ta sauƙi da aminci.

Tambaya: Malam, mun tabbatar akwai dalma a fentin gidanmu, amma 'yata mai shekara biyu tana cikin ƙoshin lafiya, tana ci tana wasa. Lallai sai an ɗebi jininta? Daga wata uwa mai juna biyu.

Amsa: Lallai kuwa, Malama, ke ma kuma ki gaya wa masu duba cikinki. Yawancin yaran da dalma ta shiga jininsu ba sa nuna wata alama. Ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, yawan fushi da kasala sukan zo ne bayan ta yi yawa, jijjiga da suma kuma sai ta kai matuƙa. Illar da aka fi gudu tana faruwa tun kafin nan, a ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ba ta kuma fitowa fili sai yaro ya shiga makaranta an ga yana fama da karatu da natsuwa. Hanjin ƙaramin yaro yana ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke ɗauka daga dalmar da aka haɗiye, kuma yana ƙara ɗauka idan jikin yana ƙarancin sinadarin ayon ko kalsiyam.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, ta kuma ba da shawarar a nemo tushen gubar a kawar da shi idan ta kai maikirogiram 5 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da nata ma'aunin daga 5 zuwa 3.5 a 2021. Idan daga yatsa aka ɗebi jinin kuma ya nuna yawa, ki nemi a sake ɗiba daga jijiya, domin ƙurar da ke kan fata tana iya ɓata sakamakon farko. Magungunan da ke kama dalma su fitar da ita ta fitsari ana ba da su ne idan ta yi yawa sosai, a yara yawanci daga maikirogiram 45, kuma a hannun likita kaɗai. Ƙasa da haka, maganin shi ne raba yarinyar da ƙurar, a kuma riƙa maimaita gwajin har a ga adadin yana sauka.

Game da ke, dalma tana ratsa mahaifa ta isa jariri, har wadda ta daɗe a ƙashin uwa takan fito lokacin goyon ciki. Don haka sharar ɓaɓɓakin fenti da goge tagogin nan ba aikinki ba ne a watannin nan, ki bar wa wani babba a gidan, kuma idan za a fara gyara ku koma wani wuri ke da yarinyar har sai an gama an wanke ɗakunan.